Aljihun Rigar Alhaji Dodo

Kwana uku ke nan da Alhaji Dodo ya mayar da kawun Aƙilu da goronsa, kuma kwana ukun nan 'yarsa Bahijja ba ta bar kowa ya huta a gidan ba. Ba ta yi wa kowa rashin kunya ba. Kuka kawai take yi, kuka mai tsari, kashi ɗaya da safe kashi ɗaya bayan la'asar, har mahaifiyarta Inna Delu ta ce da hawaye na cika randa da sun huta da jiran 'yan garuwa.

Abin haushin shi ne Alhaji Dodo ba mugun uba ba ne. Babban mahauci ne a Sakkwato, shi ya tsaya mata har ta zama malamar firamare, kuma da bakinsa ya ce ba zai yi mata dole ba. Ta kawo wanda take so, direba ko malami ko mai sayar da albasa. Tela ne kawai ba ya son gani. Ita kuwa zuciya da ta tashi zaɓe, sai ta tsallake mazan garin kaf ta sauka a kan Aƙilu tela.

Ƙiyayyar tana da dalili. Shekara goma sha biyu da suka wuce, yana tsakiyar fiɗa aljihun rigar aikinsa ya ɓarke, wuƙa ta zube a tsaye ta sauka a bayan ƙafarsa. Har yau da ɗan ɗingishi yake tafiya. Telan da ya yi ɗinkin ya daɗe da rasuwa, Allah ya ji ƙansa, amma Alhaji ya raba laifin ga duk wani mai taka keke a duniya.

Ga kuma Amiru, ɗan amininsa dillalin shanu, kullum yamma yana ƙofar gida da mota da turare. Ba shi da wani aibu, sai dai idan ya fara ba da labarin kansa har a kira magariba bai kai rabi ba. Alhaji bai ce ta aure shi ba. Amma duk wanda ya ga yadda yake washe baki idan motar ta tsaya ya san inda ransa yake.

A rana ta huɗu Gwaggo Hindu ta iso daga Dundaye. Ita ce yayar Alhaji, ita ta goye shi yana jariri, kuma ita kaɗai ke kiransa Dodo kai tsaye ba ya ɗaga ido. Ta tarar da Bahijja a ɗaki idanu sun kumbura.

“Gwaggo, in ba shi ba ni kam na haƙura da aure,” in ji Bahijja. “Ba zan saɓa wa Baba ba, wallahi ba zan saɓa mai ba. Amma kuma ba ni iya zama gidan wani ina tunanin wani. Mi Aƙilu yay yi mai? Ko gaisuwa tai bai taɓa amsawa da kyau ba.”

Gwaggo ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta goge mata fuska da gefen mayafi, ta ce ta tashi ta wanke ido, mace mai koya wa 'ya'yan mutane karatu ba ta zama da majina. Daga nan ta wuce turakar ƙanenta ta turo ƙofa.

Abin da aka yi a ciki babu wanda ya ji duka. An dai ji muryar Alhaji ta hau, an ji ta Gwaggo ta hau bisa tasa, sai kuma shiru. Da ta fito ta zo da sharaɗi. Saura kwana goma Babbar Sallah, lokacin da mahauci ba ya zama. Telan ya ɗinka masa rigar aiki. Idan aljihunta ya ɗauki aikin Sallah bai buɗe ba, zai saurari manyansa. Idan zare ɗaya ya saki, magana ta mutu, kada a sake kawo masa sunan tela a gida. Ba zai tsaya a auna shi ba. Kuma daga yau har ranar, Bahijja ba za ta yi magana da yaron ba, ko a waya.

Bahijja ta ce to yaya za a ɗinka wa mutum riga ba awo ba bayani? Gwaggo ta tambaye ta wa ke wanke wa ubanta kayan aiki. Ta ce ita. Wa ke yi musu faci? Ita, tun tana aji shida.

“Tau ke ce awon,” in ji Gwaggo. “Ɗauro min tsohhin rigunan duka, ki ɗauko mayahinki. Ni ba ni iya ɗaukar kaya da tsuhwana.”

*

Shagon Aƙilu yana Gidan Dahala, ɗan ƙarami ne, kuma babu babbar riga ko ɗaya a rataye. Shi kayan aiki ya sa gaba: na makanikai, na masu walda, na leburorin gini. Dogo ne siriri marar yawan magana, da igiyar awo a wuya kamar da ita aka haife shi. Da ya ga wadda ke bayan Gwaggo sai ya miƙe da sauri har gwiwarsa ta bugi keke.

Gwaggo ta ja kujera ta zauna a tsakaninsu, ta ce alkawari alkawari ne, duk mai magana ya yi da ita. Haka kuwa aka yi. Riga bakwai aka baza a tebur, kowace da irin ɓarakarta, Bahijja na kallon Gwaggo tana bayani, Aƙilu na kallon Gwaggo yana tambaya, ita kuwa tsohuwa tana ɓare goronta ba ta maimaita wa kowa komai.

Bahijja ta nuna cewa kullum kusurwar dama ce ke fara tafiya, domin a nan Baba yake rataya babban yatsansa idan yana ciniki, ya kuma danna da ƙarfi idan cinikin ya ɓata masa rai. Ta nuna gindin aljihu, inda tsinin wuƙa ke cin yadi a hankali har ya fita. Ta nuna wani wuri da ƙarfen wasa wuƙa ke gogawa. Aƙilu ya juya rigunan ciki waje yana bin facinta da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Can ya ce wa Gwaggo duk wadda ta yi facin nan tana da hannu, ta dai riƙa tsuke ɗinkin da yawa, shi ya sa yadin ke yagewa a gefensa.

Bahijja ta ce wa Gwaggo ai ba yabo aka zo nema ba, balle gyara. Amma sai da ta ja mayafi ta rufe murmushi.

Aƙilu ya faɗi yadda zai yi. Kaki mai kauri zai sa, aljihun ninki biyu. Bakinsa zai naɗe sau uku da ɗamara a ciki don kada ya saki. Kowace kusurwa zai sa mata ƙyalle ta baya, ya bi ta da ɗinki mai kusurwa uku, ya je ya dawo, ya je ya dawo, da zaren da masu takalmi ke amfani da shi. Zai raba wa wuƙa gidanta, ƙarfe gidansa, don kada su riƙa karo. Sannan ya shimfiɗa jar fata a ciki tun daga baki har gindi.

Nan Bahijja ta manta da kunya. Ta ce wa Gwaggo ta tambaye shi ko ya taɓa wanke rigar mahauci. Kullum sai an jiƙa ta da ruwan zafi an cuɗa saboda jini da kitse. Fata ta sha wanki uku za ta bushe ta tsage, ta riƙa wari kuma.

Aƙilu ya sosa ƙeya. Sai ya durƙusa ya jawo wani guntun tamfol daga ƙarƙashin tebur, irin wanda ake rufe kayan babbar mota da shi. Ya lanƙwasa shi, ya ja da hannu biyu, ya soka masa tsinin almakashi bai shiga ba. Ya ce wannan zai sa a bayan aljihun, ya yi masa shafi mai laushi don kada ya dami Alhaji. Bakin kuma zai bar shi a buɗe sosai, hannu ya shiga ya fita ba jira.

Da za su tafi ya rako su bakin titi. Ya dubi Gwaggo ya ce, “Gwaggo, kwana goma da nisa.”

“Ga wanda bai da aikin yi,” in ji ta. “Koma ka taka kekenka.”

*

Amiru ya ji labari, don a gidan mahauta magana ba ta kwana. Jajibirin Sallah sai ga shi da riga a leda, 'yar waje, shuɗiya, aljihu takwas kowane da zif. Ya ce a ba Baba, kada ya wahalar da kansa da ɗinkin bakin titi. A ranar kuma Gwaggo ta kawo ta Aƙilu a naɗe cikin jarida, ruwan ƙasa, aljihu biyu rak, ba ado ko na sisi.

Ranar Sallah Alhaji ya sa ta Amiru, ya fita yana taƙama. Gari ya cika da hayaƙi, kowace ƙofa an tsire raguna an kewaye wuta da su. Kafin azahar kitse ya toshe zif uku, na huɗu ya kama masa gashin hannu, aljihun wuƙa kuma ya buɗe tun daga sa na biyu. Ya dawo da wuƙarsa a hannu, ya jefa rigar bayan ƙofa. Inna Delu ta shige madafa don kada dariya ta kuɓuce mata a gabansa.

Washegari ya ɗauki ta ruwan ƙasar yana ƙunƙuni. Ya sa, ta zauna masa daidai. Ya cusa yatsa a kusurwar dama ya danna, ya sake dannawa da mugunta. Ya zura wuƙa, ya zura ƙarfe, ya yi tsalle ɗaya a tsakar gida, dattijo da shi. Ya ce a yi dai a gani, ya fita. Wani babban gida a Dundaye ya kira shi kayar da sa.

Bahijja ta wuni a gaban kasko tana suyar nama, bakinta bai huta da addu'a ba. Duk motsin ƙofa sai ta waiwaya.

Bayan la'asar Amiru ya yi sallama, ya shigo har tsakar gida da waya a hannu, fuskarsa ta jimami amma idonsa na rawa. Ya ce kada a tayar da hankali, Baba yana lafiya, amma su duba abin da ɗinkin tela ya jawo.

A wayar, wani jan sa ne irin na Rahaji mai dogayen ƙaho. An ɗaure shi za a kayar, igiyar ƙafa ta zame, ya wurga kai. Tsinin ƙahonsa ya faɗa daidai bakin aljihun nan da aka bari a buɗe. Da aljihun kowa ne da ya yage mutum ya faɗi gefe, a yi salati a wuce. Wannan ya ƙi. San ya ɗaga Alhaji Dodo sama, ya zaga filin gidan da shi sau biyu, hula ta yi gabas takalmi ya yi yamma, shi kuwa ya rungume ɗaya ƙahon yana kiran sunayen Allah har da waɗanda bai haddace ba. Da ƙyar samari suka cafke igiya. Ana sauke shi aka ga yana tsaye da ƙafafunsa, sai wurin ya kece da dariya, har mai ɗaukar hoton hannunsa na girgiza.

Amiru ya ce rabin Sakkwato sun gani.

Bahijja ta zauna a ƙasa inda take. Ta san ubanta. Zai yafe rauni, amma dariya ba ya yafe ta.

“Ni na kashe kaina, Gwaggo,” ta ce, hawaye na zuba ba tsari wannan karon. “Ni nic ce a sa abu mai ƙarhi. Da hwata ce wataƙila da ta tsage ta sake shi. Yanzu ga Baba an mai da shi abin dariya, ga shi kuma an raba ni da Aƙilu har abada. Da mi zan ji?”

Gwaggo ba ta lallashe ta ba. Ta ce dai a jira mai gidan.

Ya shigo kafin magariba, turɓaya har gemu, rigar na jikinsa. Bai kalli kowa ba. Ya ce a kira masa telan nan yanzu, ya same shi a zaure.

*

Bahijja ta laɓe a bayan ƙyauren zaure, Gwaggo a bayanta tana cewa ta matsa ita ma ta gani. Alhaji na kan tabarma, rigar a gabansa. Amiru na gefensa ya harɗe ƙafa. Aƙilu ya shigo ya durƙusa nesa, ya gaishe shi, ya yi masa jaje. Ba a amsa ba.

“Shekara arba'in ina hwawa,” in ji Alhaji a hankali. “Sa bai taɓa ɗaga ni ba, yaro bai taɓa yi min dariya ba, sai yau da nis sa rigarka. Mi za ka ce?”

Bahijja ta runtse ido tana roƙon Allah ya sa ya yi magiya, ya yi rantsuwa, ya ce ƙaddara ce. Ina. Bawan Allah sai ya nemi izini ya jawo rigar, ya shiga duba aljihu kamar shi kaɗai ne a zauren. Ya bi kusurwoyin da yatsa. Ya ja bakin. Zare ko ɗaya bai motsa ba, kuma da wani ne da a nan zai kafa hujjarsa. Shi kuwa sai fuskarsa ta ɓaci.

“Laihina ne, Baba,” ya ce. “Na yi tunanin wuƙa, na yi tunanin ƙarhe da yatsanka, ban yi tunanin san ba. Ban taɓa tsayawa gaban sa mai rai ba. Na buɗe bakin ta gaba don hannunka ya ji daɗi, ashe ƙohwa nib buɗe wa ƙaho. Kamata yay yi in karkata shi baya, in sa mai murhi ya kwanta. Ko ba a ba ni komi ba, ina roƙo a bar ni in gyara ta kahin ka sake sa ta.”

Bayan ƙyaure Bahijja ta dafe kai. Wane irin mutum ne wannan, ana neman hanyar ceto shi yana ƙara wa kansa tuhuma? Amma a ranta ta ji ta ƙara sonsa, har ta ji haushin kanta.

Amiru ya ga dama ta samu. Ya jawo rigar ya leƙa cikin aljihun, ya ce ai ba sai an ja magana ba, ga huda nan ƙato, sharaɗi ya faɗi. Ya ɗaga ta kowa ya gani.

Alhaji ya karɓa. Ya zura yatsa a hudar, yatsan ya shige kaki, ya shige ninki na biyu, sannan ya tokare. Ya juya rigar ciki waje. Tamfol ɗin ya lotsa ya yi fari a wurin, amma bai fashe ba. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ɗaga taguwarsa, abin da bai taɓa yi a gaban yara ba. A gefen cikinsa, ƙasa da haƙarƙari, jini ya kwanta baƙi ƙirin, faɗin tafin hannu.

“Masu waya ba su ɗauki wanga ba,” ya ce. “Na ga mutum biyu da ƙaho yas shiga nan wurin. Duka biyun ni na yi musu wanka.”

Amiru ya sauke ƙafarsa, ya fara cewa ai shi dama, sai Alhaji ya ce masa ya gaida mahaifinsa, ya kuma tafi da shuɗiyar rigarsa tana bayan ƙofa, wataƙila ta yi wa mai aikin banki.

Da ya fita, Alhaji ya tura wa Aƙilu rigar da ƙafa. Ya ce ɗinkinsa ɗinkin wanda bai san dabba ba ne, kuma ba zai lamunta a sake rataye shi a gaban jama'a ba. Gobe yana da sa biyu. Ya gyara bakin aljihun, ya kawo ta da kansa da sassafe, ya tsaya kusa ya ga yadda sa ke wurga kai, ko ya yi hankali.

Aƙilu ya ce to, ya naɗe rigar, ya miƙe jiki a sanyaye. Bahijja ta waiwaya ta dubi Gwaggo. Gyara kawai? Shi ke nan?

Har ya kai bakin ƙofa Alhaji ya kira shi, yana kallon bango, murya a daƙile kamar ana cire masa haƙori.

“Kai tela. Wannan kawun naka mai goro, yana gari?”

“Yana nan, Baba.”

“Ka ce ya dawo ran Juma'a. Ya zo da wani goron, wancan ya bushe.”